ZAUREN 'YAN MATA: Bargon Ƙyallaye

  

A wannan fitowar na jingine maganar girkin da na yi muku alkawari, saboda wata wasiƙa da na samu daga wata ɗaliba 'yar makarantar kwana, wadda ta roƙi in sakaya sunanta. Ta ce da za ta koma makaranta babu halin sayen bargo a gidansu, sai mahaifiyarta ta tattara ragowar atamfofi da tsofaffin zannuwa ta ɗinka mata abin rufa. Tun ranar da ta shimfiɗa shi 'yan ɗakinsu suka laƙaba mata "Mai tsumma". Yanzu ta cusa shi ƙasan akwati, ta gwammace ta kwana tana rawar ɗari. Wai in ba ta shawara, ta mayar wa Innarta abinta ne ko ta yar?

Haba ƙanwata! Ki yar? Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci, da ke da ƙawayen naki duka. Amma tsaya in ba ki labarin wasu mata tukuna.

Can a ƙasar Amurka, a jihar Alabama, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Gee's Bend, kogi ya kewaye shi ta gefe uku. Mutanensa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka sa noman auduga a wurin tun 1816. A 1845 gonar ta koma hannun wani Bature mai suna Mark Pettway, shi ya sa har yau da yawansu sunan Pettway suke amsawa. Ko bayan an hana bauta talauci bai sake su ba. A 1932 ɗan kasuwar da yake ba su bashi ya mutu, sai magadansa suka turo aka kwashe musu dabbobi da kayan noma, har da ɗan abincin da suka ajiye. Ɗakunansu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, sai dai su lilliƙe bango da tsofaffin jaridu. To da me uwa za ta rufe 'ya'yanta in sanyi ya sauko? Sai ta ɗauko wandon gona da ya mutu, da buhun gari, da tsohuwar riga, ta yayyaga ta harhaɗa, ta sa auduga a tsakiya ta ɗinke. Uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika.

Ku da kuke son labarin soyayya, ga wanda ya fi na littafi. A 1942 wata mata a ƙauyen, Missouri Pettway, bayan mijinta Nathaniel ya rasu, ta tattara kayan da yake sawa in za shi gona, ta kira 'yarta Arlonzia ta taya ta yanka, ta ɗinka bargo da su don ta riƙa lulluɓa da shi tana tuna shi. Irin waɗannan barguna in kin duba da kyau za ki ga inda gwiwar wando ta koɗe, da inda aka cire aljihu launin ya fi duhu. Ni dai ban san wata wasiƙar masoyi da ta kai wannan ba, duk da su "hasken idaniyata" da samari ke cika muku takarda da su.

A 1962, da mutanen ƙauyen suka fara tsallaka kogi zuwa garin Camden don yin rajistar zaɓe, sai aka dakatar da jirgin fiton da ke kai su, bai dawo ba sai 2006. Shekara 44 ke nan fa! Matan yankin ba su naɗe hannu ba, a 1966 suka kafa ƙungiyar ɗinki mai suna Freedom Quilting Bee, suna sayar da barguna suna ciyar da gida. A 2002 aka rataye aikinsu a gidan baje kolin zane-zane na birnin Houston, daga nan aka kai New York, manyan masana suna tsayawa suna kallon abin da ƙawayenki za su kira tsumma. A 2006 gidan wayan Amurka ya buga kan sarki guda 10 da hoton bargunansu. Sai dai inda duk kuɗi ya shigo rigima ba ta nisa, don a 2007 wasu daga cikin matan sai da suka kai dillalan kayan nasu ƙara kotu a kan haƙƙinsu.

Kada kuma ki ɗauka wannan ɗinki baƙo ne a wurinmu. Ranar hawan Salla ki lura da 'yan lifida. Wannan lifidin da ya lulluɓe doki da mahayinsa, ƙyalle ne sama da ƙasa, an cusa audugar rimi a tsakiya an bi da ɗinki, don ya tare kibiya. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi ya shigo. Dabarar ɗaya ce da ta Innarki. Saboda haka ki zaro bargon nan daga akwati, ki wanke ki shimfiɗa. Wadda ta sake ce miki Mai tsumma ki tambaye ta ko ta iya zura zare a allura.

Ga wadda take son gwadawa a hutun nan, ba wuya, sai dai haƙuri. Ki je wurin telarku ki roƙi ƙyallayen da take sharewa, ai ƙonawa ake yi. Ki zaɓi na auduga zalla, kamar atamfa da shadda. Ban da leshi, ban da yadi mai santsi ko mai talewa, za su ja miki ɗinkin ya karkace. Ki wanke su tukuna, kowane launi daban, don mai zuba ya zube, mai tsukewa ya tsuke, sannan ki goge. Wannan wankin shi ne 'yan mata ke tsallakewa don gaggawa, ranar wankin farko kuma ja ya rine fari a zo ana kuka.

Ki yanki kwali mai inci 6 da rabi ta kowane gefe, da shi za ki riƙa auna kowane ƙyalle. Rabin incin nan ɗinki ne zai cinye shi. In kin jera 7 a faɗi, 12 a tsawo, ƙyalle 84 ke nan, ya ishi gadon makaranta. Ki fara jera su a tabarma ki ja baya ki kalla, mai duhu kusa da mai haske, kafin ki haɗa layi-layi da hannu ko da keke. Matan Gee's Bend da ido suke nasu awon, amma ke 'yar koyo ce, riƙe kwalinki.

In fuskar ta haɗu, sai ki shimfiɗa zani a ƙasa ya zama shafi, ki ɗora tsohon bargo mara nauyi ko auduga shimfiɗaɗɗiya, sannan fuskar a sama. Ki kama su ukun da manyan ɗinki na wucin gadi. Ɗinkin gaskiya daga tsakiya ake fara shi a yi waje, in kin fara daga baki zai tattare miki a ciki. Kada tazarar layukan ta wuce faɗin tafin hannunki, in ba haka ba audugar za ta dunƙule waje ɗaya in an wanke. Daga ƙarshe ki kalmashe bakin da dogon ƙyalle mai ƙwari, ki zare na wucin gadin.

Wadda ta gama nata ta aiko mana da hoto, za mu buga in Allah Ya so. Maganar dambun nama kuma sai fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Anti