Yara masu sikila na buƙatar gwajin TCD duk shekara

Shanyewar ɓarin jiki ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne. Kusan ɗaya cikin goma na yara masu sikila nau'in SS kan gamu da ita kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan lalura.

Alhali akwai gwajin da ke hango haɗarin tun da wuri. Na'urar TCD tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da sauti, ba allura, ba zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na bakin haɗari. Binciken STOP na Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai na rage shi da kusan kashi 90 cikin 100. A Kano kuma an ga amfanin maganin hydroxyurea, wanda ya fi jini sauƙin samu.

Ƙa'idar likitoci ita ce gwaji sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Ya wajaba hukumar NHIA ta tilasta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin inshorar ma'aikata su yi shi, ko su tura yaron inda na'urar take. Mahaifin da ke riƙe da katin inshora kuwa ya nemi sakamakon a rubuce.