Shirin ko-ta-kwana ma yana cin kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, masu ba da shawarar kuɗi suka samu kasuwa. Wai ka yi ajiya, ka sayi dala, ka ɓoye hatsi, ka biya bashi kafin a shiga matsi. Ba su cika faɗin nawa kowace dabara za ta ci wa mai ita ba.

A Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, yayin da ribar asusun ajiya ba ta kai kashi 10 ba. Mai gudun riba kuwa ko wannan bai karɓa ba. Wanda ya ajiye naira dubu ɗari tsawon shekara ya tarar da adadinsa cif, amma kusan kwata na abin da kuɗin ke iya saye ya tafi. Bankin ma ba gidan tsira ba ne: a watan Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage, kuma inshorar ajiya ta hukumar NDIC naira miliyan 5 ce iyakarta, sauran sai an sayar da kadarori.

'Yan dala fa? A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar 'yan canji, mutane suka yi ta rububi a kasuwar canji ta Wapa a Kano. Kafin Afrilu ya ƙare ta faɗo kusa da 1,100. Mai haƙuri ya ga ta sake hawa, amma wanda kuɗin makaranta ko asibiti ya tilasta wa sayarwa a wannan tsakanin ya ji a jikinsa.

Hatsi ne ya fi ba ni tausayi, domin dabarar iyaye da kakanni ce, kuma ta sha yin aiki. Waɗanda suka cika sito da masara a kakar 2024 sun yi lissafin bazara za ta ninka musu kuɗi. Amma tun kafin kakar gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, sai farashi ya karye a 2025 maimakon ya hau. Ƙara da kuɗin sito, da maganin ƙwari, da ladan dako, da buhunan da suka lalace. A kasuwar hatsi ta Dawanau an ga masu sayarwa ƙasa da yadda suka saya, wasunsu kuma da kuɗin mutane suka yi sarin.

Bashi kuwa ba iri ɗaya ba ne. Na manhajojin waya, mai ruwa a kowane mako da barazanar kiran duk lambobin da ke wayarka, a kashe shi yau ko da za a sayar da akuya. Haka na banki mai ruwan da ke bin ƙimar Babban Banki, wadda ta kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Amma ɗan tireda da ya kwashe jarinsa don ya biya rancen da ba ruwa a kansa, lokacinsa ma bai yi ba, ya wayi gari da kanta babu kaya, kuma sari na gaba ya fi tsada.

Ko adashe bai tsira ba. Mai kwasar farko yana sayen kaya da farashin yau, mai kwasar ƙarshe ya karɓi adadi ɗaya bayan wata goma, kuma uwar adashe ba ta rage ladanta ba.