Da Wane Mudu Ake Auna Turancin Ma'aikaci?

'Yan'uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, akwai wata magana da ta zama tamkar waƙa a bakin manyan ofisoshi da masu kamfanoni a garin nan na Kaduna, wato wai ma'aikatan yanzu ba su iya Turanci ba. Daga ofisoshin gwamnati na Kawo har zuwa bankunan titin Yakubu Gowon da kantunan titin Ahmadu Bello, kukan ke nan: yaro ya zo da digiri amma ba ya iya rubuta wasiƙar layi goma. Mu malaman sakandare ba mu musa cewa akwai rauni ba, domin kullum muna ganinsa a takardun da ake aiko mana daga sama da ma waɗanda ke fitowa daga ƙasa. Inda muke ja shi ne mudun da ake yin awon da shi, da kuma abin da ake yi wa mutum bayan an auna shi. A nan ne aka bar jaki ana dukan taiki.

Wai shin idan an ce ma'aikaci bai iya Turanci ba, wane Turancin ake nufi? Kashiyan banki yana buƙatar ya karanta umarnin da hedikwata ta aiko, ya gane shi, ya cike fom ba kuskure. Ma'aikaciyar jinya tana buƙatar ta rubuta halin da majiyyaci ya kwana a ciki ta yadda wadda za ta canje ta da safe ba za ta ba da maganin da bai dace ba. Magatakardan taro yana buƙatar ya saurari mutum goma suna cacar baki na awa biyu, ya fito da abin da aka yanke a shafi guda. Ɗan kasuwa a kasuwar Sheikh Gumi mai sayo kaya daga Sin ko Dubai yana buƙatar ya rubuta wa abokin cinikinsa adadi da farashi da ranar da kaya za su iso, ba tare da an yi masa fassarar da za ta cinye jarinsa ba. Mutum huɗu ke nan, buƙata huɗu. To yaya za a tara su a zaure ɗaya, a ba su tambayoyin canki-canka iri ɗaya kan nahawu, sannan a ce an san ciwon kowannensu?

Masana koyar da harshe sun daɗe da wuce nan. Tun 1978 wani masani ɗan Ingila, John Munby, ya fitar da tsarin binciken buƙatun mai koyo, inda ya nuna cewa kafin a shirya darasi sai an san da wa mutum zai yi magana, a ina, kan wane batu, da baki ko a rubuce. A 1987 kuma Tom Hutchinson da Alan Waters suka raba buƙatar gida uku: abin da aikin ke nema daga mutum, abin da mutumin ya rasa daga cikin wannan, da abin da shi kansa yake jin yana so ya koya. Kowa ya duba zai ga cewa biyu daga cikin ukun nan ba a samun su sai an je wurin aikin an zauna, an duba takardun da ke shiga da fita, an kuma tambayi ma'aikacin. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda rai ke cikin haɗari, duniya ba ta wasa da wannan. A 1977 jiragen sama biyu suka yi karo a tsibirin Tenerif, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar maganar da aka yi ta rediyo na cikin musabbabin haɗarin. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta shimfiɗa matakai shida na iya harshe, ta ce matuƙi da mai ba jirage hanya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa dole su kai mataki na huɗu. Ba a tambayarsu tarihin adabin Ingila. Ana auna ko za su iya ji su kuma faɗa a sarari lokacin da al'amari ya rikice. Duk wanda ya fito daga kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya da nufin ƙetare iyaka ya san da wannan. Haka nan jarrabawar OET da aka ƙirƙira a Ostireliya domin ma'aikatan lafiya: likita ko nas zai rubuta wasiƙar tura majiyyaci, ya kuma yi hira da wanda ke kwaikwayon mara lafiya. An auna shi da aikinsa ke nan.

Mu fa da me muke awo? Na farko, da kiredit ɗin Turanci na WAEC, wanda mutum ya samu yana ɗan shekara goma sha bakwai, alhali yau yana da furfura. Shi kansa mudun ma yakan yi yoyo. A watan Agustan 2025 hukumar ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen gyaran takardar Turanci ta canki-canka, adadin ya koma kashi 62.96. Na biyu, da IELTS, jarrabawar da aka shirya musamman domin masu fita karatu ko hijira, wadda sakamakonta ke tsufa bayan shekara biyu, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Ba ta da abin da za ta faɗa mana game da akawun da ke Unguwar Sarki wanda ba ya shirin zuwa ko'ina.

Na uku, kuma mafi ɗaci, shi ne awon da ake yi da sanda a hannu. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka kuma baza wasu takardun amsoshinsu a intanet duniya ta yi dariya. Ba za mu ce wanda ya kasa amsa tambayar ɗan aji huɗu ya cancanci tsayawa gaban allo ba. Amma a dubi abin da ya biyo baya. A 2022 an sake sallamar malamai 2,357, kuma daga cikinsu 165 ne kawai aka ce sun faɗi, sauran 2,192 an kore su ne saboda sun ƙi zama jarrabawar. Wannan adadi shi kaɗai ya isa wa'azi. Tun daga 2017 kalmar awo a kunnen ma'aikacin Kaduna ta koma daidai da kalmar kora. Wanda ya san cewa bayyana rauninsa zai raba shi da abincin 'ya'yansa, ɓoye raunin zai yi. Sai ya riƙa kai wa na kusa da shi takarda a asirce ya rubuta masa, ko ya kwafo tsohuwar wasiƙa daga fayil ya canja kwanan wata. Raunin yana nan, an dai tura shi ƙarƙashin tebur.

Idan an tashi yin magani kuma, sai a kira taron bita. A kama zauren otal na kwana biyu, a ɗauko mai kwangilar horarwa wanda bai taɓa buɗe fayil ɗaya na ofishin ba, ya haska rubutu a bango, a ci shinkafa, a raba jaka da alawus da satifiket, a watse. Ran Litinin wasiƙun su fito yadda suke ran Juma'a. Kuɗin horarwa kuwa ba rasa su aka yi ba. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, kuma doka ta ɗora wa kamfanonin da abin ya shafa biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a shekara. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tambaya, kafin a kashe kuɗin, mene ne takamaiman abin da mutanen nan ba su iya ba.

Daɗin daɗawa, laifi tudu ne. Da yawa daga cikin manyan da ke kukan ƙanana ba su iya Turanci ba, su ne ke sa hannu kan sanarwar da sai an karanta ta sau uku kafin a gane ana nufin a zo taro ƙarfe goma. Mun gaji salon akawun zamanin Turawa, wanda ke rufe wasiƙa da kiran kansa bawa mai biyayya, muka ɗora masa dogayen kalmomi na burga, muka ce wannan shi ne Turancin ofis. Masu harshen da kansu sun tsere wa wannan salo. A 1979 wata mata mai suna Chrissie Maher ta yayyaga fom-fom na gwamnati a dandalin da ke gaban majalisar Ingila domin nuna cewa talaka ba ya gane su, daga nan aka kafa ƙungiyar yaƙin neman sauƙaƙa Turanci. A 2010 Amurka ta yi doka mai tilasta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. Idan da gaske ake son awo, a fara da takardar darakta, a ba masinja da sabon akawu su karanta, a ga ko sun gane.

Yanzu ga babban abin da mudun nan ya manta da shi ɗungurungum. Ma'aikaci a wannan gari da harshe biyu yake aiki. Yana karɓar umarni da Turanci, amma mutumin da ke tsaye gaban kantarsa, Bahaushe ne ko Bagwari ko Bafulatani ko ɗan kudancin jihar, sau da yawa da Hausa za su fahimci juna. Aikin na tsakiya, wato ɗauko magana daga takarda a sauke ta a kunnen mai buƙata, shi ne inda ake asarar dukiya da lafiya, kuma ba mu taɓa jin an auna shi ba. Alal misali, mai ɗinki ta je neman rancen naira 100,000, takarda ta ce kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a wata. Idan jami'in ya ce mata kashi biyar ne kawai ya yi shiru, ta ɗauka naira 5,000 za ta ƙara, alhali in bashin ya shekara naira 60,000 ce. Wannan jami'i yana iya cin kowace jarrabawar nahawu, amma ya karya mata jari da harshensa.

Abin kunya, Turawan mulkin mallaka sun fi mu gane wannan. Jami'insu da aka turo Arewa sai ya ci jarrabawar Hausa kafin ya tabbata a aiki ya sami ƙarin girma, domin sun san Di'on da ba ya jin abin da ake faɗa bawan tafinta ne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da kuɗin gwamnatinsu aka yi shi. A zauren Lugard, nan cikin garin nan, da Turanci da Hausa majalisar Jihar Arewa ta yi muhawara. Yau kuwa sai ka ga an ajiye mutum a kantar hulɗa da jama'a ba wanda ya tambaye shi ko zai iya bayyana sharuɗɗan inshora da harshen kasuwa.

Mun san abin da za a ce: duniya ta tafi da Turanci, ku kuna jan mu baya. A watan Nuwamban 2025 ma ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa. Mu ba abokan gaba da Turanci ba ne, da shi muke koyarwa, muna kuma son 'ya'yanmu su mallake shi. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci, aka kuma koya musu Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararru, ba su gaza a Turancin ba. Wanda ba ya iya tsara tunaninsa da harshen da ya sha a nono, ba zai tsara shi da harshen aro ba. Yawancin wasiƙun da ake kuka da su, ba nahawu ne ya kashe su ba, marubucin ne bai san abin da yake son faɗa ba tun farko.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Duk ofishi ko kamfanin da ke son sanin halin ma'aikatansa, ya tattara takardun da suka rubuta cikin wata uku, a cire sunaye, a ba malaman harshe su fitar da kurakuran da ke maimaituwa. A zauna da ma'aikatan a ji inda harshe ke ɗaure su. Awon ya kasance da aiki na gaske: amsa ƙorafin abokin ciniki a rubuce, taƙaita taro, bayyana fom da Hausa ga wanda bai yi boko ba. A rubuta a sa hannu cewa sakamakon farko na horarwa ne, ba a korar kowa da shi. Darasi ya kasance awa ɗaya ko biyu a mako a wurin aiki na tsawon watanni, a sake awo bayan nan. Wanda aka ba wannan dama ya ƙi motsawa, to a nan hukunci ya halatta.

Ku kuma 'yan'uwa masu alƙalami, wannan gona taku ce. Ina ɗan littafin da zai nuna wa sabon akawu, da bayanin Hausa, yadda ake rubuta wasiƙar ofis da rahoto da bayanan taro? Ina ƙaramin ƙamus na kalmomin banki da haraji da asibiti wanda kashiya zai ajiye a aljihun tebur? Malam Abubakar Imam da abokan aikinsa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun daga 1939, sun nema wa baƙin abubuwan zamaninsu sunaye har talaka ya gane yaƙin duniya da tsarin mulki. Ba su jira kwangila ba. Mu ma mu ɗauki fanni ɗaya-ɗaya, mu shiga banki da kotu da asibiti da littafin rubutu a hannu, mu ji yadda ake magana, mu dawo mu tsara. Kafin fitowa ta gaba muna fatan jin wanda ya fara.