Watannin ranin Arewa da ƙididdiga ba ta gani

A alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda Bankin Duniya ke wallafawa, marasa aikin yi a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan wannan adadi ne wani ra'ayi ya samu gindin zama: wai zaman kashe wando matsalar 'yan boko ce, masu takardar jami'a da ke jiran kira daga hukumar samar da aikin yi ta ANPE, amma mutanen karkara suna da abin yi tunda suna da gona. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da talakan Dogon Dutsi da Tibiri.

A duba yadda ake awon. Duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, an sa shi cikin masu aiki. Yaron da ya ari kabu-kabu ya yi jigila ranar kasuwa, da matar da ta soya ƙosai sau ɗaya, duk sun shiga. Kafin a kira mutum marar aiki kuwa, sai ya zamana bai taɓa komai ba, kuma yana nema. Wane magidanci ne a Matankari zai iya naɗe hannu mako guda alhali rumbu ya yi ƙasa? Talauci ne ke hana shi zama, sai a rubuta cewa ya wadata da aiki. Nijeriya ta nuna mana raunin wannan ma'auni: da ta koma kansa a 2023, adadinta ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1, ba tare da an buɗe wasu masana'antu ba.

A ƙasar Arewa ta jihar Doso damina daga Yuni zuwa Satumba ce. Da an ɗaure dammunan gero an cire wake, aikin shekara ya ƙare, sai samarin Dan Kasari da Gecheme da Kore Mairuwa su kama hanyar cin rani: Birnin Kebbi, Sakkwato, Legas, Kwatano. Su yi dako, su yi ga-ruwa, su aiko da abin cefane. Wannan hanya ma ba ta da tabbas. An rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga darajar naira ta zube, abin da ɗan cin rani ke kawowa ya ragu in an canza shi zuwa sefa. Da samarin suka zauna a fada suna dafa shayi, sai aka ce ragwaye ne.

Alhali ruwa na nan kusa a kwarin Dallol Mawri. Masu noman dankalin turawa a fadamun Dogon Dutsi sun tabbatar da cewa ana iya aiki da rani a gida. Tsadar iri, da ƙarancin rijiyoyi da injin ban-ruwa, da rashin wurin ajiya da ke tilasta sayarwa da arha lokacin girbi, su ne ke hana dubban samari shiga.

Ina kira ga hukumar ƙididdiga ta INS ta riƙa bayyana watanni nawa ɗan karkara ke samun aiki a shekara da nawa yake samu. Mahukuntan jihar Doso kuma su sa kuɗin samar da aikin yi a noman rani kafin samari su sake ɗaure kaya.