Baƙin Man da Muke Zuba wa Cen Ɗin Keke

Wannan makon mun ɗan ajiye batun jigo da salo, mun leƙa rumfar mai gyaran keke.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya dawo da martabarsa a Katsina. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kaura da sassafe zai ga ɗalibai da leburori da ƙananan ma'aikata suna murza feda, wasu sun nufi cikin gari, wasu hanyar Dutsin-ma inda Poli da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suke. Da yawa daga cikin kekunan nan na gwanjo ne masu giya, irin waɗanda aka ƙera don hawan tudu da duwatsu. Amma ku kasa kunne idan suna wucewa. Wani cen ɗinsa na kuka don bushewa, wani kuma ya yi baƙi ƙirin, yana ɗauke da dasƙararren datti.

Ra'ayinmu shi ne, yawancin kekunan nan mu muke kashe su da hannunmu, kuma da baƙin mai muke kashe su.

Kekunan iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, yawanci suna zuwa da murfin da ya rufe cen ruf, ƙura ba ta samunsa sosai. Keke mai giya kuwa cen ɗinsa a fili yake, siriri ne, ga shi kusa da ƙasa. To mu a ƙasar rairayi muke, ga hazon hunturu na watanni. Da zarar mun ji cen ya fara ƙara, sai mu tsaya wajen bakanike mu roƙi baƙin man da aka juye daga injin mota ko babur, mu kwarara masa. Ƙarar ta ɗauke, mu ce an gyara.

Shi baƙin mai ya riga ya gama aikinsa a cikin inji. Yana ɗauke da toka da ɓurɓushin ƙarfe, ga danƙo. Duk ƙurar da taya ta watso sai ta manne masa, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wannan haɗin ne yake shiga cikin gaɓoɓin cen yana cin ƙusoshinsa a hankali, har cen ɗin ya saki ya ƙara tsawo. Cen da ya saki kuma haƙoran giya yake ci. Ranar da aka sa sabo, sai ya riƙa tsallake tsofaffin haƙoran, dole a canza su gaba ɗaya. Wani abokinmu haka ta faru da shi: cen ya tsinke masa a hanyar zuwa jarrabawa, ya tura keken da ƙafa, daga baya kuɗin gyaran ya cinye abin da ya tara na wata guda.

Mun san abin da za a ce mana. Baƙin mai kyauta ne, man da aka yi musamman don cen kuwa ba kowane shago ke da shi ba, kuma da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne cen mai baƙin mai ya fi wanda aka bari a bushe yana tsatsa. Sai dai abin da cen yake buƙata bai kai cikin cokali ba. Ɗigon sabon man inji mai tsabta ya wadatar, ko man keken ɗinki idan za a riƙa maimaitawa, tunda shi bai da kauri.

Aikin ma bai fi na minti ashirin ba. A fara da wanki: tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, ko ruwan omo idan kananzir ya yi tsada. A goge cen, da haƙoran giya na gaba da na baya, da ƙananan ƙafafun nan biyu da ke juyar da cen a baya, domin nan datti ya fi taruwa. A ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Sannan a riƙa juya feda baya ana ɗiga mai a kan kowace gaɓa, ɗigo ɗaya ɗaya. Bayan 'yan mintoci a sa tsumma a goge na waje tas, saboda a ciki mai yake aiki, na waje ƙura kawai yake kira. A kiyaye kada mai ya taɓa birki. Kuma a guji kai keke wajen masu wankin mota su feshe shi da injin ruwa mai ƙarfi, yana kore giris ɗin da ke cikin ƙafafu. Da damina, duk ranar da ruwa ya doki keke a goge a sake ɗiga mai.

Ga gwaji mai sauƙi da rula: daga ƙusa ɗaya zuwa ta gaba a sabon cen rabin inci ne, don haka tazara 24 inci 12 ce cif. Idan ta wuce da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, cen ya ƙare, a canza shi kafin ya ƙarasa haƙoran.

Me ya kawo wannan zance zauren marubuta? Da yawanmu a kan keke muke zuwa taron ƙungiya, kuɗin da gyara ya ci kuwa kuɗin littafi ne da data. Bayan haka, muna yawan sa jaruman labaranmu cikin manyan motocin da ba mu taɓa shiga ba, alhali ga mai gyaran keke a bakin layinmu da kalmominsa da labaransa, ba mu taɓa zama da shi ba. Mu je mu zauna, mu tambayi sunan kowane ƙarfe, mu rubuta.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Kafin mu haɗu mako mai zuwa, kowa ya duƙa ya dubi cen ɗin kekensa. Allah ya kai mu.