Lambun Wiwi A Cikin Wadirof: Iyaye A Riƙa Leƙa Ɗakin Samari

A makon nan wani lamari zan kawo muku da na ci karo da shi a bakin aikina a nan Azare. Na sauya wasu bayanai don rufin asirin mutanen, amma gundarin labarin haka ya faru.

Wata baiwar Allah ce ta shigo kantinmu bayan la'asar, ta ce in ba ta maganin barci. Na ce, "Hajiya, me ya hana ki barcin?" Sai ta yi shiru, can ta ce ba ita za ta sha ba, ɗanta ne. Kwana huɗu ke nan bai runtsa ba, ba ya cin abinci, kuma ko ƙanwarsa ce ta gifta sai ya hau ta da faɗa. Da na ja ta gefe muka zauna, sai zance ya fito.

Yaron shekararsa 21, ɗalibi ne, yana kwana a shagon ƙofar gida. Wata uku da suka wuce ya sayo sabon kwaɗo ya sa wa wadirof ɗinsa. Daga nan batirin solar gidan, wanda a da yake kai su asuba, ya fara mutuwa tun ƙarfe 1 na dare. Mai gidan ya kira mai gyara har sau biyu, ba a ga matsala ba. Wata rana da dare uwar ta fito za ta rufe ƙofa, sai ta hangi wani haske mai ruwan hoda yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon. Da ta tambaye shi, sai ya ce aikin makaranta ne, tumatir yake gwadawa. Ranar da uban ya ɓalle kwaɗon, tukwane uku ya tarar na tabar wiwi, da ƙwan lantarki, da 'yar fanka, da wayoyin wuta a harhaɗe da salatif. A fusace ya tumɓuke su, ya ƙwace ragowar busasshiyar da ya gani. Rashin barcin da faɗan duk daga nan suka samo asali, don jikin yaron ya riga ya saba.

Ban ba ta maganin barcin ba, kuma zan faɗi dalili a gaba.

Daga ina wannan dabara ta zo?

Mun saba jin cewa wiwi a dazukan kudu ake noma ta, irin su Ondo da Edo da Delta, a loda a mota a kawo Arewa. Shi ya sa uba a Azare ko Misau ko Jama'are ba zai taɓa kawo wa ransa cewa za a iya noma ta a cikin ɗakin da ya gina da guminsa ba. To, wayar da ke hannun yaranmu ta sauya wannan lissafi. A YouTube da TikTok akwai bidiyo birjik na Turawa suna nuna akwatunan da suke shuka wiwi a ciki. Abin da yaron bai duba ba shi ne, mai bidiyon yana zaune ne a ƙasar da dokarta ta ba shi dama. Uruguwai ta halatta tun 2013. Kanada ta halatta a Oktoban 2018, inda dokar tarayyarta ta yarda gida ɗaya ya shuka har guda 4. Jamus ta bi sahu a Afrilun 2024, ta yarda baligi ya shuka guda 3. Ko a can ɗin, an haramta wa yara 'yan ƙasa da shekara 18.

A Najeriya kuwa babu wannan zance. Tun 1966 dokar tabar wiwi ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka ta. An yi wa dokar gyare-gyare daga baya, sannan a 1989 aka kafa hukumar NDLEA. A dokar hukumar, shuka irin waɗannan kaya laifi ne da hukuncinsa ya kai ɗaurin rai da rai, mallaka ko sha kuma shekara 15 zuwa 25. Akwai kuma sashen da ya shafe ka kai mai gida: wanda ya bari aka yi amfani da gidansa wajen ajiya ko ɓoyewa ko sarrafawa, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Doka ba ta ce tukunya ɗaya ba laifi ba ce. Saboda haka uwar da ta gani ta kau da kai don kada Alhaji ya ji, ta sani gidan gaba ɗaya ta jefa cikin hatsari.

"Ai ganye ne, Allah ne Ya halicce shi"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji a bakin samari, musamman masu cewa gara su shuka tasu da su sayi ta kasuwa da ake gauraya wa sinadarai. Gaskiya ne akwai gauraye a kasuwa. Abin da ake kira Kolorado, sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, kuma yana iya jawo farfaɗiya da lalacewar ƙoda. Amma wannan bai wanke ta gida ba. Zaƙami ma ganye ne, kuma duk mun san abin da yake yi wa mutum.

Abin da ke bugarwa a wiwi sinadari ne mai suna THC. Irin da ake shukawa a cikin akwati, an tace shi ne shekara da shekaru don ya tara wannan sinadari da yawa, dangin abin da samari ke kira Laud. A Amurka, gwajin wiwin da hukuma ta kama ya nuna ƙarfin THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Wato wiwin yau ba irin wadda aka sani a tashar mota shekara 30 da suka wuce ba ce.

Wannan ƙarfi yana da sakamako. Wani babban bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Burazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 3 wajen hatsarin kamuwa da taɓin hankali, irin wanda mutum ke jin muryoyi ko ya riƙa zargin ana bin sa. Masu shan mai ƙarfi kullum kuwa, kusan sau 5. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara da wuri ya fi cutuwa. A cikin masu sha, kusan 1 cikin 10 kan kamu har su kasa bari, amma ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha, kusan 1 cikin 6 ne. Idan kuma akwai mai taɓin hankali a dangi, hatsarin ya ƙaru.

Wani zai ce ai ana yin magani da ita. Haka ne, a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka ciro daga wani sinadarin wiwi mai suna CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Amma wannan an tace shi, an auna shi, likita ke rubutawa, ana kuma duba hantar yaron da ke sha. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, bambancin magani da guba a wurina awo ne, kuma tukunyar cikin wadirof ba ta da awo.

Hatsarin da ya shafi kowa a gidan

Ko da a ce yaron bai sha ko zuƙa ɗaya ba, akwatin kansa abin tsoro ne. An haɗa wuta da ruwa da katako a wuri ɗaya a rufe, kuma wanda ya yi haɗin ba ma'aikacin lantarki ba ne. Ku tuna yadda garin nan ke ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu, har ya haura digiri 40, ga kuma wutar NEPA da kan dawo da ƙarfi tsakar dare. Soket ɗaya ya narke, katifa na kusa, shago kuma a bakin ƙofar da kowa zai bi ya fita yake.

Sai danshi. Wurin da ke rufe da ɗumi da laima, nan fumfuna ke yaɗuwa, kuma ƙurarta na tayar da asma, tana kuma iya kama huhun tsoho ko mai ciwon suga ko wanda ya taɓa yin tarin fuka. Sai ƙananan yara, waɗanda ba su da shamaki da ɗakin yayansu. Yaron da ya haɗiyi abin da aka haɗa da wiwi yana iya yin barci mai nauyi, jiki ya saki, numfashi ya ragu. Idan kika ga haka, asibiti za ki nufa nan take, ki kuma faɗa wa likita abin da kike zargi, kada kunya ta sa ki ɓoye. Mai ciki da mai shayarwa su ma su yi nesa da hayaƙin. THC na ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, ana danganta shi da haihuwar jariri maras nauyi, kuma yana fita a ruwan nono har kwanaki bayan an sha.

Kada kuma mu ɗauka matsalar 'ya'yan wasu ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suka sha. Ɗaya cikin kowane huɗu na masu shaye-shayen mace ce.

Alamomin da za ku lura da su

Sabon kwaɗo a wadirof ko kwaba ko tsohon firij, wanda mai shi ba ya yarda kowa ya taɓa. Haske mai ruwan hoda ko shuɗi ko fari tas da ke fitowa ta kafar ƙofa cikin dare. Ƙarar fanka da ba ta tsayawa ko da mai ɗakin ba ya nan. Batir ko kuɗin mita da ke ƙarewa ba dalili. Wani wari mai kauri da ake ƙoƙarin dannewa da turaren wuta dare da rana. A jikin yaron kuma, jan ido, yawan sayen maganin ɗigawa a ido, ci kamar gara a wasu lokuta, mantuwa, da faɗuwa a jarrabawa. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, don akwai yaran da da gaske tumatir ko na'a-na'a suke gwadawa. Wanda tumatir yake shukawa dai ba zai ƙi buɗe miki ki gani ba.

Idan kun gani, me za ku yi?

Da farko a kashe wutar daga tushe kafin a taɓa komai. A raba gidan da shukar, amma kada a ƙona ta a tsakar gida inda yara za su shaƙa, kada kuma a watsa wa awaki. Idan akwai alamar sayarwa ake yi, ko wasu ne daga waje suka sa shi, to abin ya wuce na cikin gida, a nemi NDLEA.

Na biyu, Alhaji, a riƙe hannu. Duka da kora ba sa raba yaro da wiwi, sai dai su miƙa shi ga waɗanda suka koya masa. A bari zuciya ta huce, a samu wanda yake jin nauyinsa, baffa ko kawu ko malaminsa, a zauna. A tambaye shi yaushe ya fara, sau nawa yake sha a rana, da me yake haɗawa, kuma me yake gudu. Da yawa za ka tarar akwai damuwa ko rashin aikin yi ko wani baƙin ciki a ƙasa.

Na uku, ku san abin da zai biyo baya. Wanda ya saba sha kullum, idan ya daina zai yi fama da rashin barci, saurin fushi, rashin cin abinci, gumi da munanan mafarkai. Yakan fara a kwana na 1 ko na 2, ya tsananta a makon farko, ya lafa cikin mako 2 zuwa 3, kodayake barci kan ɗan jima bai daidaita ba. Wannan ne ya kawo Hajiya wurina. Dalilin da ya sa na hana ta maganin kuwa, ƙwayoyin barci irin su diyazefam su ma kama mutum suke yi, kuma barinsu ya fi barin wiwi hatsari. Sau nawa aka raba yaro da hayaƙi aka ɗora shi kan ƙwaya da hannun uwarsa? Irin wannan magani sai da takardar likitan da ya ga maras lafiyan ido da ido. Duk kemis ɗin da ya miƙo miki shi ba tambaya, ba taimakonki ya yi ba.

Na huɗu, a je asibiti. A nan Azare a fara da babban asibitin tarayya, su duba shi, su tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa idan da buƙata. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Idan yaro ya fara magana shi kaɗai, ko yana cewa ana son kashe shi, ko ya ambaci kashe kansa, a ranar za a kai shi, ba sai gobe ba. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. A guji gidajen da ake ɗaure yara da mari. Mun ga abin da aka tarar a irinsu a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019.

Hajiya ta dawo bayan kusan wata guda sayen maganin hawan jininta. Ta ce sun kai shi, yana ganin likita, barci ya fara dawowa, amma sau ɗaya ya koma ya sha. Na ce mata wannan ba abin yanke ƙauna ba ne, da yawa sai sun yi tuntuɓe kafin su tsaya, su dai kada su fasa komawa asibiti. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne wata uku abin yana gidanta, taku goma daga ɗakinta, amma rabonta da shiga shagon tun yaron yana sakandare.

Wannan maganar tata nake so ku riƙe. Mun ɗauki kunya da kawaici mun gina katanga tsakaninmu da samarinmu, har uba ya shekara bai taka ɗakin ɗansa ba. Shiga ɗakin ɗanka ba cin fuska ba ne. A makon nan ki yi sallama ki shiga, ki zauna bakin katifa ku yi hira, idonki kuma ya zaga.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu duba yadda ake adana magunguna a gida lokacin zafi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.