Bikin Dabino na Arfud: A Tuna da Mai Hawan Bishiya

A kudu maso gabashin ƙasar Maroko, inda kogin Ziz yake gangarowa daga duwatsun Atlas ya ratsa dausayin Tafilalt kafin rairayin Sahara ya shanye shi, akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Arfud, wanda kowace shekara, idan kaka ta yi wajen watan Oktoba, yakan cika maƙil da manoma da fatake da 'yan kallo domin bikin girbin dabino. Garin kansa ba tsoho ba ne, domin Faransawa ne suka raya shi a farkon ƙarni na 20 ya zama sansanin sojansu, amma ƙasar da yake zaune a kai tana ɗauke da tarihin da ya kamata duk mai hankali ya tsaya ya yi tadabburi a kansa.

Tafiya kaɗan kudu da Arfud, dab da garin Risani, nan kufan Sijilmasa yake, birnin da aka kafa wajen shekara ta 757 Miladiyya, wanda ya daɗe yana zama ƙofar da ayarin raƙuma ke fita zuwa ƙasashen baƙar fata, su ɗauko gishiri a Tagaza, su komo da zinariya. Daga nan ne Ibn Batuta ya tashi a shekarar 1352 ya nufi Mali, bayan ya yabi dabinon wurin har ya fifita shi a kan na Basra. To, da fitina ta shiga tsakanin mazauna birnin, hanyoyin ciniki kuma suka karkata zuwa wasu wurare, sai ganuwa ta rushe, attajirai suka watse, zinariya ta bi wata hanya. Dabino kuwa bai gusa ba, shi ya ci gaba da riƙe jama'a a ƙauyukansu masu katangar ƙasa. Har ma ruwayar mutanen wurin ta nuna cewa kakan sarakunan Maroko na yanzu, Sharif Hasan Addakhil, mutanen Tafilalt ne suka ɗauko shi daga Yanbu ta ƙasar Hijaz a ƙarni na 13, suna neman albarkar zuriyar Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta sauka a kan dabinansu.

Saboda haka ba na cikin masu ganin bikin nan wasa ne da ɓarnar dukiya. Shukrar ni'ima wajibi ce, kuma manomin da ya hau bishiya da bazara ya ɗaura furen namiji a jikin na mace da hannunsa, ya yi ta ban ruwa cikin zafin da ke ƙona tafin ƙafa, ya sake hawa da kaka yana kauce wa ƙaya, ya cancanci ranar da za a kaɗa masa ganga, a yi sukuwar dawakai, a kira sunansa a bainar jama'a. Tun daga shekarar 2010 hukuma ta ɗaukaka taron ya zama baje kolin dabino na duniya, inda ake jera Majhul da Bufaggus da sauran iri, ana ƙulla ciniki da baƙi. Wannan duka alheri ne.

Amma fa rumfunan baje koli suna iya rufe wa mai kallo ido daga halin da gonaki ke ciki. Cutar nan da ake kira bayud, wadda ke shiga ta saiwa ta busar da bishiya, ta hallaka miliyoyin dabino a Maroko tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma iri mafi daraja ta fi yi wa ɓarna. Abin ibra a nan shi ne, a shekarar 1927 wani masanin tsirrai Ba'amurke, Walter Swingle, ya ɗebi 'ya'yan gindi 11 na Majhul daga garin Budnib ya kai Amurka, daga zuriyarsu kuma aka kafa gonakin da a yau suke cika kasuwannin duniya, alhali Maroko, uwar wannan iri, sai ta sayo dabino daga Tunisiya da wasu ƙasashe kafin buƙatar watan Ramadan ta biya.

Sai kuma mas'alar ruwa, wadda ta fi kowace nauyi. Magabata sun haƙa jerin rijiyoyi da suka haɗe ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suke kira khaɗɗara, ruwa na gangarowa da kansa zuwa gonaki, ana raba shi bisa ƙa'ida, kowane gida da sa'arsa. Yanzu fari ya yi yawa, injunan ban ruwa sun zurfafa, da yawa daga cikin waɗannan hanyoyi sun ƙafe, masu jari kuma suna buɗe manyan gonakin Majhul suna zuƙo ruwa daga inda guga ba ya kaiwa. Mai bishiya talatin da ya gada daga kakansa ba shi da ƙarfin yin takara da su.

Shari'a ma ta lura da wahalar ruwa, shi ya sa ta wajabta ushuri, wato ɗaya bisa goma, a kan dabinon da ya sha daga sama ko kogi, ta rage zuwa rabin haka ga wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi. Idan fiƙihu ya auna haƙƙi da ma'aunin ruwa, ya kamata masu shirya biki su ma su auna nasararsu da shi. A ganina, kowace shekara a karanta wa jama'a lissafin khaɗɗara nawa aka yashe, dashe nawa mai jure cuta aka raba wa ƙananan manoma, da farashin da ya shiga hannun mai gona kafin dillali ya ɗora ribarsa.

Wannan nasiha ta shafe mu, domin muna da dabino a Dutse, inda cibiyar bincike ta NIFOR take da reshe, muna da shi a Ingal da Bilma. Duk ranar da hukumominmu suka yi niyyar shirya wa dabino biki, to su fara da gyaran rijiya da raba dashe, sa'an nan su aika wa makaɗa goron gayyata.